Tarihin Yaƙe-yaƙenmu Yana Bakin Tsofaffi, Mu Ɗauko Shi Kafin Ƙasa Ta Rufe Musu Ido

Jama'a, duk wanda ya san Kaduna ya san Barikin Dalet, ya san Kalapanzin. Mutumin Zariya ya san Barikin Chindit, inda ake horar da kuratan soja. Dodan Barak kuwa, da ke Ikoyi a Legas, nan ce fadar mulkin ƙasar nan tun daga zamanin Janar Gowon har zuwa 1991 da gwamnati ta tare a Abuja. Kullum sunayen nan suna bakinmu, muna cewa mai keke ya sauke mu a ƙofarsu. To ku tare yaran da suka gama sakandare bana, ku tambaye su daga ina sunayen suka samo asali, ku ga yadda za a yi ta kallon-kallo. Dalet da Kalapanzin da Dodan wurare ne a ƙasar Bama, wadda yau ake kira Myanmar, inda kakanninmu suka gwabza da sojojin Japan a Yaƙin Duniya na Biyu. Chindit kuma sunan wata runduna ce da aka riƙa saukewa a bayan abokan gaba cikin ƙungurmin daji, wadda bataliyoyin Najeriya uku suka shiga cikinta a 1944 ƙarƙashin Janar Wingate.

Daga 1943 Ingila ta kwashi runduna biyu, ta 81 da ta 82, daga Afirka ta Yamma zuwa Indiya da Bama. Mutum kusan 90,000 ne, 'yan Najeriya da Ghana da Saliyo da Gambiya, kuma fiye da rabinsu daga ƙasar nan suka fito. Da yawa 'ya'yan talakawan Arewa ne da aka samo ta hannun sarakuna da hakimai da dagatai, wasu da son ransu, wasu kuwa an nuna su ne kawai aka ce su bi layi. Hausa ce yaren bariki a rundunar Najeriya, har sai da hafsoshin Turawa suka koye ta. Tun kafin Bama ma, birged ɗin Najeriya ne ya shiga Mogadishu a watan Fabrairu na 1941, ya bi sojojin Italiya har cikin Habasha. A kwarin Kaladan babu titin mota, abinci da harsashi daga jirgin sama ake sako su, sauran kuma a ka ake ɗauka, ana hawa duwatsu ana sauka cikin ruwan sama da sauro da matsattsaku. Tambarin runduna ta 82 kansa gammo ne da mashi biyu a gicciye, na ta 81 kuwa baƙin gizo-gizo. A watan Janairu na 1945 rundunonin biyu suka haɗu suka ƙwace garin Myohaung. Gaskiya Ta Fi Kwabo tana Zariya tana kawo wa mutanen gida labarin yaƙin, da aka dawo kuma Malam Sa'adu Zungur ya yi musu waƙar Maraba da Soja.

Nawa daga cikinmu suka ji wannan a aji? Yaƙin Duniya na Biyu da ke cikin littattafan makaranta shi ne Hitila da Musolini, mamaye Poland a 1939, bam ɗin Hiroshima a 1945, sai a kawo layi ɗaya a ƙarshe cewa sojojin da suka dawo sun taimaka wajen farkar da masu neman 'yancin kai. Ɗalibi ya haddace layin, ya zuba a jarrabawa, ya manta. Wannan ma a lokacin da ake koyar da tarihin ke nan. Fiye da shekara goma darasin tarihi ya yi ba ya cikin manhajar firamare da ƙaramar sakandare a Najeriya, sai a 2022 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da dawo da shi, tare da shirin horar da malamai 3,700. Yaran da suka wuce a tsakanin nan yau su ne magidanta, su ne masu jefa ƙuri'a, su ne masu zazzafar muhawara a Facebook a kan yaƙin da ba wanda ya taɓa zaunar da su ya ba su labarinsa.

Abin da ya buɗe wa mutane da dama ido shi ne finafinan tarihi, irin waɗanda ake zuwa wurin da abu ya faru, a sa wanda abin ya faru a kansa a gaban kyamara ya yi magana da bakinsa. A 2011 tashar Aljazeera ta nuna wani fim mai suna Burma Boy, wanda ɗan jarida Barnaby Phillips ya yi. Ina roƙon duk wanda ke karanta wannan rubutu ya neme shi ya kalla. Labarin Isaac Fadoyebo ne, mutumin wani ƙauye kusa da Owo, wanda ya shiga soja yana ɗan shekara 16, aka sa shi a sashen masu jinya. A watan Maris na 1944 sojojin Japan suka yi musu kwanton ɓauna a bakin kogin Kaladan, suka kashe abokan aikinsa, harsashi ya farfasa masa ƙafa, suka bar shi a nan don sun ɗauka ba zai kai labari ba. Shi da wani soja ɗan Saliyo, David Kagbo, suka rage da rai. Wani manomi Musulmi mai suna Shuyiman, daga cikin mutanen da yau duniya ta sani da Rohingya, shi ya riƙa kai musu abinci, daga baya ya ɓoye su a gidansa, alhali ya san in Japan ta gane to shi da iyalinsa sun gama yawo. Wajen wata tara suka yi a ɓoye kafin a cece su.

Ku dubi yadda fim ɗin ya yi da labarin. Ga tsoho nan zaune a gidansa a Legas, ƙafar nan tana nan da tabonta, yana magana a hankali, yana cewa bai taɓa samun damar gode wa mutumin da ya rufa masa asiri ba. Ya rubuta wasiƙa ya ba ɗan jaridar. Ɗan jaridar ya ɗauke ta har Bama, ya bi kogi yana tambaya ƙauye-ƙauye, har ya iske iyalan Shuyiman. Shi Shuyiman ya riga mu gidan gaskiya, amma 'ya'yansa ba su manta da baƙaƙen sojojin nan biyu ba. Aka karanta musu wasiƙar, aka nuna musu hoton tsohon, suka fashe da kuka. Fadoyebo ya rasu a 2012, shekara guda bayan fitowar fim ɗin. Da an yi jinkiri kaɗan, da ya tafi da labarinsa a baki. Bahaushe ya ce gani ya kori ji, kuma wanda ya ga fuskokin mutanen nan ba zai sake ɗaukar yaƙin Bama a matsayin layi ɗaya na jarrabawa ba.

Irin waɗannan finafinai sun tilasta wa manyan gwamnatoci faɗin abin da suka daɗe suna rufewa. A 2019 wani fim mai suna The Forgotten Heroes of Empire ya fito da takardun gwamnatin Ingila da ke nuna yadda aka biya kuɗin sallama bayan yaƙi: ƙaramin soja Bature sule goma a kan kowane wata da ya yi yana aiki, ƙaramin soja baƙar fata sule uku da sisi. Harsashi ɗaya, daji ɗaya, amma lada ya bambanta saboda launin fata. A wannan shekarar dai ɗan majalisar Ingila David Lammy ya gabatar da wani fim a tashar Channel 4 a kan 'yan Afirka da suka mutu a Yaƙin Duniya na Ɗaya aka binne su babu suna babu alama. Fim ɗin ya sa hukumar kula da kaburburan sojojin ƙasashen renon Ingila ta kafa kwamiti, kuma rahoton da ya fito a Afrilun 2021 ya amsa cewa aƙalla mutum 116,000, wataƙila ma har 350,000, yawancinsu 'yan Afirka da Gabas ta Tsakiya, ba a rubuta sunayensu ba ko kuma ba a tuna da su ba sam. Sakataren tsaron Ingila ya miƙe a majalisa ya ba da haƙuri. Masana sun daɗe da rubuta wannan magana a littattafai da mujallun jami'a, amma sai da aka nuna ta a talabijin kunya ta kama masu mulki.

Kada wani ya ce na ce a jefar da littafi. Kyamara ma tana da mai ita, kuma inda ya ga dama nan yake juya ta. Iyayenmu sun san majigi, motar nan da ke zuwa ƙofar fada da dare a kafa farin ƙyalle a tara gari. A lokacin yaƙi da ita Turawan mulki suka riƙa nuna ƙarfin Ingila da daɗin aikin soja, ba su nuna gawa ba, ba su nuna wanda ya dawo da ƙafa ɗaya ko wanda ya dawo hankalinsa ya taɓu ba. Yau ma akwai masu yanko minti biyu daga tsohon hoton yaƙi su ɗora masa muryar ƙarya su sake shi a TikTok. Fim mai kyau yana faɗa maka wane ne ke magana, yaushe aka ɗauki hoton, kuma yana bari ɓangare na biyu ya faɗi nasa. In ya gama ya kamata ya bar ka da ƙishirwar karatu. Phillips da kansa ya faɗaɗa labarin Fadoyebo ya zama littafi, Another Man's War, a 2014. Marigayi Biyi Bandele, haifaffen Kafanchan wanda mahaifinsa ya yi yaƙin Bama, ya rubuta ƙagaggen labari a kan wani yaro mai jin Hausa a cikin rundunar Chindit. A kalla, a karanta, a gwada wannan da wancan.

Amma abin da ya hana ni sukuni shi ne wannan: kusan duk finafinan da na lissafa baƙi ne suka yi su, da Turanci, don masu kallonsu. Mun gode musu. Sai dai ina namu? Ina fim ɗin da tsohon soja daga Gumel ko Argungu ko Biu ya zauna a zaurensa ya ba da labarin Bama da Hausa? Waɗannan tsofaffi sun yi shekara da shekaru a cikinmu, wasu suna gadi a kamfanoni, wasu dogarai da 'yan doka, wasu direbobin manyan motoci. Yara suna bin su suna dariya in sun fara fareti su kaɗai a bakin kasuwa. Lambobin girmansu suna cikin gwangwani a ƙarƙashin gado. Mun bari kusan dukkansu sun tafi, ba mu ɗauki muryarsu ba. Wannan asara ce da ba ta da magani, kuma laifinmu ne mu duka, masu ilimi da masu kuɗi da masu gidajen rediyo.

Saura ƙiris mu sake yin irin wannan asara a karo na biyu. Yaƙin basasar Najeriya ya fara ranar 6 ga Yuli 1967, ya ƙare ranar 15 ga Janairu 1970. Yaron da ya shiga soja yana ɗan shekara 18 a farkon yaƙin yau ya haura 75. Suna nan a kowace unguwa, a sahun gaba a masallaci, a bencin gaba a coci, a layin karɓar fansho. Kowane wata ana yi wa wasu sutura. Su ne suka ga yadda aka yi ta ƙoƙarin haye kogin Kwara zuwa Onitsha a watan Oktoba na 1967 ana rasa ɗaruruwan rayuka a cikin ruwa. Su ne suka ga ayarin motocin da aka ƙone a Abagana a watan Maris na 1968. Akwai matan da aka kawo musu labarin mutuwar miji ba gawa ba kabari, suka yi takaba suka reni marayu, ba wanda ya taɓa tambayarsu yadda suka yi.

Kuma in za mu yi, mu yi da gaskiya, don tarihin da aka tace ya zama yabon kai ba shi da amfani ga kowa. Mu a Arewa mun san zafin 15 ga Janairu 1966, daren da aka kashe Sardauna da Tafawa Ɓalewa da Birgediya Maimalari da Kanar Kur Muhammad da Laftanar Kanar Largema. Wajibi ne yaran Kudu su ji wannan daga bakin waɗanda suka shaida shi. Haka nan wajibi ne yaranmu su ji abin da aka yi wa 'yan ƙabilar Ibo a garuruwan Arewa a watan Mayu da kuma Satumba da Oktoba na wannan shekarar, su ji abin da ya faru da fararen hula a Asaba a Oktoban 1967, su ga hotunan yaran da yunwa ta cinye a yankin Biyafara. Su kuma ji labarin mutanen kirki da suka ɓoye maƙwabtansu a cikin ɗakunan matansu har ƙura ta lafa, da waɗanda suka riƙe wa mutane gidajensu da kuɗin haya har suka dawo bayan yaƙi. Saurayin da ya ji wannan duka daga bakin tsoho mai hawaye ba zai yi saurin rubuta wa ɗan'uwansa "a sake gwadawa mana" a intanet ba. Masu kiran yaƙi da ƙarfi a yau, in ka duba, ba su taɓa jin warinsa ba.

'Yan'uwanmu na Nijar sun riga sun nuna mana cewa abin mai yiwuwa ne. Oumarou Ganda ya shiga sojan Faransa yana matashi, aka kai shi yaƙin Indocin, ya dawo gida ya zama mai shirya fim. A ƙarshen shekarun 1960 ya yi Cabascabo, labarin tsohon sojan da ya dawo Yamai da 'yan kuɗinsa abokai suka taya shi cinyewa suka watse, kuma shi da kansa ya fito a ciki. A Senegal, Usman Sembene ya yi fim a 1988 a kan kisan da sojojin Faransa suka yi wa sojojin Afirka ta Yamma a sansanin Thiaroye ranar 1 ga Disamba 1944, don kawai sun nemi haƙƙinsu. Sai a 2024 shugaban Faransa ya yarda ya kira abin kisan kiyashi. Ganda da Sembene ba su da kayan aikin da ke aljihun ɗan sakandare a yau.

Don haka matasa, da ku nake. Wayar da ke hannunku ta isa. Ku je wurin tsohon sojan unguwarku, ku gaishe shi yadda ya kamata, ku nemi izininsa da na iyalinsa. Ku zaɓi lokacin da gari ya yi shiru, bayan hantsi ko bayan la'asar, ku jingina wayar a kan wani abu don kada hoto ya riƙa rawa, ku matso da ita kusa don murya ta fita. Ku fara da sunansa da garinsu da lambarsa ta soja da bataliyarsa. Ku tambaye shi a ina aka ɗauke shi, wa ya raka shi tasha, me mahaifiyarsa ta ce, me suke ci a fagen daga, wa ya mutu a kusa da shi, yaya wasiƙa take isowa gida, wace waƙa suke yi in suna tafiya. In ya yi shiru ku ƙyale shi, kada ku cika masa baki. In ya ce a kashe, ku kashe. Ku ɗauki hoton lambobinsa da littafin sallamarsa da duk wani tsohon hoto da ke gidan. Sannan ku shiga cikin gida ku zauna da Iya ko Gwaggo, domin abin da mata suka gani a bariki da a gida rabin labarin ne. Kada ku bar abin a waya ɗaya da za ta iya faɗawa ruwa gobe. Ku ajiye a wuri biyu ko uku, ku ba iyalin nasu, ku kai wani ga sashen tarihi na jami'ar da ke kusa da ku, ko Gidan Arewa da ke Kaduna. Ofisoshin ƙungiyar tsofaffin sojoji da ke jihohi sun san inda mutanensu suke, ku tambaye su.

Masu shirya finafinan Kannywood, Allah ya ba ku baiwa da kayan aiki da masu kallo miliyoyi. A cikin kowane dogon shiri na soyayya da rikicin kishiyoyi da kuke yi, ku ware kuɗin kashi biyu ku yi mana fim ɗin tarihi guda mai inganci. Masu fassara finafinan Indiya zuwa Hausa, kun nuna ƙwarewar da ba mai musunta, har tsohuwar da ba ta taɓa shiga aji ba tana bin labari daga farko zuwa ƙarshe. Ku nemi izinin masu finafinan tarihin nan ku juya su zuwa Hausa, mutanen karkara su ga kakanninsu. Arewa24 da NTA da gidajen talabijin da rediyo na jihohi, ku ba da sa'a guda a mako. Attajiranmu masu ɗaukar nauyin gasar ƙwallo da bukukuwa, ga sadaka mai gudana.

Malaman makaranta, tunda an dawo muku da darasin, kada ku mayar da shi haddar shekaru da sunaye. Ku aro majigi ko babbar talabijin, ku tara 'yan aji su kalli fim ɗin, sannan ku buɗe littafi da taswira ku nuna musu inda Kaladan take, inda Onitsha take, ku tambaye su me mai fim ɗin ya faɗa, me ya tsallake. Ku gayyato tsohon soja ya zauna a gaban aji. Ku ba kowane ɗalibi aikin hutu ya ɗauko hira da dattijo ɗaya a danginsu.

Gwamnati kuma ta ji tsoron Allah game da abin da ke hannunta. Fim ɗin Shaihu Umar da Adamu Halilu ya yi a 1976 an ɗauka ya ɓace, sai a 2016 aka tsinto shi cikin tulin gwangwanayen fim da aka yasar a wani tsohon gini a Legas, kuma a Jamus aka gyara shi aka nuna a bikin finafinai na Berlin a 2018. In wannan ne makomar fim ɗin da aka yi daga littafin Firayim Ministan ƙasa Tafawa Ɓalewa, ku yi tunanin halin da hotunan yaƙi suke ciki a ɗakunan ajiya na ma'aikatun watsa labarai. Akwai ma'adanar finafinai ta ƙasa a Jos. A ba ta kuɗi da ma'aikata, a juya abin da ya rage zuwa kwamfuta, a sake shi kowa ya gani. Ajiye furanni don tunawa da sojoji a ranar 15 ga Janairu kowace shekara bai wadatar ba.

Kuma ba a nan abin ya tsaya ba. Waɗanda suka ga rikicin Maitatsine a Kano a watan Disamba na 1980 suna tsufa. Mutanen Borno da Yobe da Adamawa da Diffa suna ɗauke da labarin abin da ya same su tun daga 2009, mutanen Zamfara da Katsina da Maraɗi suna cikin nasu yanzu haka. In ba mu ɗauka ba, wata rana jikokinmu za su zauna su jira wani baƙo ya zo daga nesa ya gaya musu abin da ya faru a ƙofar gidansu.

Kada ku jira kwamiti, kada ku jira tallafi daga waje. In akwai tsohon soja ko matar tsohon soja a unguwarku, ku yi cajin waya ku je ku yi musu sallama a cikin wannan makon.